Gashinki yana fitowa, ƙyalle ne yake cinye shi

1/
Zaren nan dogo ne, ku gyara zama. A kan gashin ƙeya da na gaban goshi zan yi magana, da dalilin da ya sa su biyun suke riga ragowar kai ƙarewa. Ni ɗinkin hijabi da hular ciki nake yi a Gyadi-Gyadi, goggona kuma mai kitso ce a Tarauni. Ni ƙyalle nake gani, ita kuma kan da ya wuni a ƙarƙashin ƙyallen.

2/
Abin da na fi ji a bakin mata shi ne "ni fa gashina ba ya fitowa." Ta bar rilaksa shekara huɗu, ta koma gashinta na halitta, ba man da ba ta saya ba, amma tsayinsa yana nan inda ta san shi. Yana fitowa, Hajiya. In ba ya fitowa, me yake ɗaga kitso daga fatar kai bayan sati uku?

3/
An ma auna. A 2001 wata mai bincike a Faransa, Geneviève Loussouarn, ta auna saurin fitowar gashin 'yan Afirka. Abin da ta samu bai kai santimita 1 a wata ba, wajen santimita 9 ke nan a shekara. Bai kai na Turawa sauri ba, gaskiya ne. Amma santimita 9 sau shekara huɗu ai gashi ne har kafaɗa. To ina ya tafi?

4/
Yau in kin koma gida kin cire ɗankwali, kada ki jefa shi kan gado. Juya cikinsa ki duba a haske. Ki duba cikin hular hijabi, ki duba wuyan rigar sanyi. Waɗannan 'yan guntayen baƙaƙe da suka maƙale kamar garin shayi, su ne santimita 9 ɗin naki.

5/
Ga yadda za ki bambance. Shimfiɗa farin ƙyalle, ki taje kai a kansa. Silin da ya faɗo da tsayinsa, da ɗan farin ɗigo a gindi, wannan ya gama kwanansa ne, kowa yana zubar da 50 zuwa 100 irinsa a rana. Guntun da ba shi da farin ɗigo, karyewa ya yi. Na farko ba matsala ba ne. Na biyun nake magana a kai.

6/
Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, jere kamar ɓamɓarokin kifi, wani a kan wani, duk suna kallon bakin gashin. Su ne rigarsa. In abu mai kaushi ya yi ta gogarsu sai su ɗaga, su ɓantare, cikin silin ya fito fili. Daga nan sai ya tsage. A madubin likita wurin yakan yi kamar an cusa bakin tsintsiya biyu cikin juna. A ido kuma ɗan farin tabo ne a jikin silin, kina ja ya tsinke a nan.

7/
Namu kuma ya fi saurin shiga wannan hali, ba don rauni ba, don siffarsa. Silin gashinmu ba zagayayye ba ne, a ɗan shafe yake, kuma yana murɗewa. Duk inda ya lanƙwasa, nan ne ƙyalle yake fara samu. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ta duba gashin da ake tajewa a wani bincike na 2000. Kashi 10 zuwa 16 cikin 100 na silin 'yan Afirka sun ƙulle kansu da kansu. A sauran jinsi ko kashi 1 bai kai ba. Kowane ƙulli wurin karyewa ne.

8/
Ƙari a kan haka, man da fatar kai take fitarwa ba ya iya gangarawa cikin murɗaɗɗen gashi har ƙarshe. Shi ya sa gindi yake maiƙo, baki yana bushe. Sai ki ɗora masa auduga, wadda aikinta ke nan shan ruwa da mai. Ɗan abin da kika shafa da safe, kafin azahar ɗankwali ya shanye. Duba baƙin layin maiƙon da ke bakin ɗankwalinki. Kuɗinki ne.

9/
Abin da ya sa ba a lura shi ne ba ya ciwo. Wadda ta taɓa ɗiban ruwa a tsohuwar rijiya ta san yadda igiyar guga take yi wa bakin rijiya gurbi. Ba rana ɗaya ta yi shi ba, ba kuma da ƙarfi ba. Mu nan Kano daga fitar safe zuwa dawowar magariba kai yana rufe. Wasu ma har a ɗaki, har kwanciya.

10/
Goggo ba ta tambayar mace irin ɗaurin da take yi. Tana tsefe kai take karantawa. In ƙeya ta cinye a tsakiya daidai faɗin ƙulli, ta ce wannan mai ɗaurin baya ce. In layi ne siriri daga kunne zuwa kunne ta saman goshi, ta ce robar hijabi. In gefe ɗaya ya fi ɗaya, ta ce nan take karkata ɗauri. Ina zaune ina ƙarasa bakin hula, sai in ji matar ta ce "Goggo wa ya faɗa miki?" Ba wanda ya faɗa mata. Shekara talatin tana kallon kawuna.

11/
Mu fara da ɗankwalin atamfa da shadda. Sabuwar atamfa daga Kantin Kwari, ba a wanke ba, ko an wanke an zuba mata sitati an buga guga don ɗauri ya tsaya. Goga ta a bayan hannunki sau goma ki ji. Ita muke ɗaure wa a gashin gaban goshi, wanda dama shi ya fi kowanne siranta. Ture-ka-ga-tsiya ne, ɗaurin Zahra Buhari ne, duk wanda za a yi sai an ja an tamke. Kyau kam akwai. Ni ma ina yi ranar biki. Amma biki daban, kullum daban.

12/
Hijabi kuma ɓangarena ne, bari in faɗa muku abin da ke cikinsa. Inda fuskar hijabi take haɗuwa da jikinsa akwai ɗinki. Mu teloli muna juya bakin ɗinkin ciki don kada ya fito a gani, sannan mu bi shi da keken wibin don kada yadin ya warware. Zaren wibin na roba ne, bakinsa yana da kaushi. Wannan tudun ɗinkin shi yake kwanciya daidai layin gashinki. Duk juyawar da za ki yi, yana gogawa.

13/
Idan mai roba ne, abu ya zama biyu: ga guga ga matsi. Kin cire hijabi kin ga ya bar miki shaida a goshi, ko kina jin kai ya sake kamar an sauke miki kaya? Ya matse. Ba wai kanki ne babba ba.

14/
Gyale nasa salon daban. Shi ba ya matsewa, zamewa yake. Wata rana a adaidaita sahu daga Court Road zuwa kasuwar Tarauni, tafiyar da ba ta kai komai ba, na ƙirga wata baiwar Allah a gabana ta ja mayafinta gaba sau tara. Iska ta tura shi baya, ta jawo. Kowace jawowa, yadin yana bin gashin ta inda ɓawonsa ba ya so. Lissafa wuni guda.

15/
Sai masu duwatsu da leshi. Bayan dutsen da aka manna, ƙarfen da ya riƙe shi, ramukan leshi, fil ɗin da ake soke mayafi, zif ɗin bayan riga. Waɗannan ba gogawa suke ba, kamawa suke su fizge. Ɗan "kash" ɗin da kike yi in kina cire abaya, sili uku ne suka tafi.

16/
Yanzu ku ƙara hunturu a kai. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Kano ba ta da laima ko kaɗan, leɓe yana fashewa, kaushi yana tsagewa, gashi ma haka yake bushewa, ba ya dai zubar da jini ne. A lokacin ne kuma muke zuwa Ƙofar Wambai mu ɗebo suwaita mai dogon wuya da hular sanyi. Yawancinsu zaren roba ne. In kin cire a duhu har ƙyas-ƙyas kike ji, gashi ya miƙe ya bi rigar. Goggo takan ce ƙeyar da ta shiga hunturu da gashi, da wuya ta fita da shi duka.

17/
Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba: jiƙaƙƙen gashi ya fi busasshe saurin lalacewa. In ya sha ruwa yana kumbura, ɓawon ya ɗaga, ya yi ta miƙewa har ya tsinke. Mu kuwa sau nawa muke taɓa ruwa? An yi alwala, an shafi kai, an mayar da ɗankwali an tamke nan take. An yi wanka da asuba, ana sauri, an ɗora hula a kan ɗanyen kitso. Ba wadda za ta ce a rage alwala. Minti biyu dai a bar gaban kai ya sha iska, ko a dafa shi da laushin ƙyalle, kafin a ɗaure.

18/
A nan nake so ku nutsu, don abu biyu ne ake haɗawa. Guga tana karya silin gashi. Saiwar tana nan da ranta, in an daina zai dawo. Ja kuma saiwar yake taɓawa. Kitso mai tsauri, ribom da aka tamke, ƙarin gashi mai nauyi, sannan ɗauri a kai. In aka daɗe ana yi, ramin gashin yana mutuwa ya toshe, fatar ta yi sumul tana sheƙi. Wannan ba man da yake dawo da shi. Ko na Dubai ne.

19/
Ba kuma ƙaramin abu ba ne. Ita dai Farfesa Khumalo, a 2007, ta duba mutanen unguwar Langa a Cape Town. Kashi 31.7 cikin 100 na manyan mata suna da irin wannan zubewar ta ja. A 'yan mata 'yan makaranta kashi 17.1, kuma yana ƙaruwa yadda aji yake ƙaruwa. Ya fi yawa a inda aka yi kitso a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Can ne aka ƙirga, amma duk wadda ta zauna layin kitso ana jibi salla ta san abin bai tsaya a can ba.

20/
Kafin wani ya shigo min da "ai hijabin ne matsala": a'a. Mazan Sikh na Indiya da suke tamke gashi a ƙarƙashin rawani suna samun irin wannan zubewar a gaban goshi. An gan ta a ma'aikatan jinya na Koriya ta Kudu, daidai inda suke soke farar hularsu da fil. Matan Langa ɗin nan ma kitso da rilaksa aka duba a kansu. Rufe kai yana ma tare mana rana da ƙurar Titin Zariya. Maganar ita ce me yake taɓa gashin, kuma da wane ƙarfi.

21/
Waɗanda suka fi tsaya min a rai yara ne. Yarinya 'yar shekara bakwai: hijabin boko da safe, ta dawo ta ci abinci, hijabin Islamiyya har yamma, wata ma da ta dare. Yadin yunifom mai kauri, roba a fuska. An ɗinka mata tun tana aji ɗaya, yanzu tana aji uku, kai ya girma roba ba ta girma ba. A ƙarƙashi kuma shuku ne da aka ja har ido ya ɗage. In ta yi kuka a ce raki.

22/
'Yar maƙwabtanmu aka kawo min hijabinta in ƙara masa tsawo. Da na ɗaga fuskarsa don in auna, layin gashinta ya ja baya ya fi faɗin yatsana biyu, da 'yan ƙuraje a bakin kitson. Na ce wa uwar, "Maman yara, tsawon ba shi ne gaggawa ba, bari in farke robar nan." Ta ce ai in babu roba zamewa yake, malamai su yi faɗa. Muka sa igiya ta baya mai laushi. Aikin minti goma. Yarinyar da za ta kai shekara ashirin da goshin da aka ƙara mata, wa za ta tambaya?

23/
Su ne kuma daga baya ake kawowa wurin Goggo saura sati biyu biki, da leda cike da mayuka, a ce a yi wani abu. A sati biyu gashi ko rabin santimita ba ya yi. Sai a rufe da ƙarin gashi, a ja ɗan abin da ya rage. Na sha ganin amarya tana kallon madubi tana jawo ɗankwali gaba, ita kaɗai ta san abin da take ɓoyewa.

24/
Ban ce mai ba shi da amfani ba. Man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun, duk suna sa silin ya yi santsi, guga ta ragu. Man kwakwa ma yana shiga cikin silin. Karkashin da iyayenmu suke wanke kai da shi, yauƙinsa yana sa mataji ya wuce ba fizga. Chebe na matan Chadi ma, da za ki lura, a jikin gashin ake shafa shi a kitse, aikinsa hana karyewa. Amma ki shafa mai na dubu goma ki ɗora ɗankwali mai sitati, ɗankwalin kika yi wa gyaran jiki.

25/
To ga abin da nake yi wa masu kawo min ɗinki, da kaina. Na farko shafi. Duk inda ƙyalle zai taɓa gashi, a sa yadi mai santsi a ciki, satin. Ba sai duk hijabin ba. Faɗin yatsa huɗu a zagayen fuska, da wani a ƙeya. Ragowar yankan da ake zubarwa a shagon tela ma ya isa.

26/
Ku sani satin ba alharini ba ne. Satin salon saƙa ne, fuska ɗaya mai sheƙi. Yawancin abin da ake ce mana "siliki" a kasuwa satin ne na zaren roba. In kina so ki tabbatar, zare ɗaya za ki zaro ki ƙona: alharini yana warin ƙonannen gashi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Don rage guga dukansu suna yi. Kada a cuce ki a farashi dai.

27/
Amma satin yana da halinsa, masu tallarsa ba sa faɗa. Na ɗaya zafi. A watan Afrilu, rana tana kai 40, ki rufe kai gaba ɗaya da na roba, gumi zai taru, ƙaiƙayi da amosani su biyo, ki yi ta susa, an koma gidan jiya. Shi ya sa na ce a bakin kawai. Na biyu santsi. Yana zamewa, sai mace ta ƙara tamkewa don ya zauna, ta gudu daga guga ta faɗa ja, wanda ya fi muni.

28/
Maganin wannan hula mai fuska biyu ce. Ciki satin, waje auduga mai laushi irin ta singileti. Gashi yana taɓa santsi, ɗankwali ko gyale yana kama audugar ya zauna ba sai an ja ba. Da irin wannan hular a ƙasa, ki yi ɗaurinki na atamfa yadda kike so, gyalen ma ya rage zamewa.

29/
Awon matsi kuma ba ya buƙatar tef. In yatsunki biyu ba sa shiga tsakanin roba da goshi cikin sauƙi, a saki. Ƙullin ɗankwali kada ya kwana a wuri ɗaya kullum, yau ƙasa, gobe ɗan gefe. Bakin hula ya sauko kan fatar goshi kaɗan, ko ya koma bayan layin gashi, kada ya zauna daidai a kansa. Sabuwar atamfa a wanke ɗankwalin kafin a fara ɗaurawa.

30/
Ta ɓangaren Goggo, ita gashin ƙeya ba ta haɗa shi da sauran ta ja sama. Tana yi masa kitso ɗaya a kwance, daga kunne zuwa kunne, sako-sako, ta cusa jelar. 'Yan ƙananan na gaban goshi kuma barinsu take. Wasu suna fushi, su ce kitson bai fita ba, wata ma ta koma wurin mai jan hannu. Goggo ta ce a sauka lafiya. Ƙa'idarta ɗaya: kitson da ya hana ki sujada da daɗi, ko ya sa ki shan Panadol, tsefe shi.

31/
Da dare a ba kai hutu. In za ki ɗaura wani abu, mai santsi, sako-sako. In kina cikin masu tashi su ga ɗankwali a ƙasan gado, rigar filo ta satin ta fi miki. Hular ciki kuma a riƙa wanke ta kamar yadda ake wanke ɗan kamfai, ba sai ta yi tauri da maiƙo da ƙura ba. Suwaita mai dogon wuya, ɗan siririn ƙyalle mai santsi a wuya kafin ki saka.

32/
Akwai inda tela da mai kitso ba su da abin yi. In fatar wurin ta yi sumul ba ko ɗigon ramin gashi, in akwai ƙuraje masu ruwa, zafi, ko zubewa a zagaye kamar kwabo, ko yaro yana da makero, wannan na likitan fata ne. Ga Asibitin Malam nan a gefenmu. Haka in gashi yana zubewa da yawa daga saiwa bayan haihuwa ko doguwar jinya, ko akwai ƙarancin jini, ba laifin ɗankwali ba ne, a je a duba. Tun saiwar tana da rai ake cin nasara.

33/
Masu tambaya a saƙo ko ina sayarwa: kowane tela a layinku zai iya. Ki ce masa shafin satin a zagayen fuska da ƙeya, fuskar mai sheƙi tana kallon gashi, bakin ɗinkin a ɓoye shi tsakanin yadin biyu kada wibin ya taɓa kai, roba kuma a zura ta cikin gida, a auna a kanki kina tsaye kafin a datse. In na yara ne, a bar rarar roba a ciki yadda za a iya sakinta baɗi.

Ki ɗauki hoton ƙeyarki yau. Ki sake ɗauka bayan wata uku, a wuri ɗaya, da haske ɗaya.